Agogon da Na Sayo Babu Kwali

Mu biyar ne a falon ranar da aka buɗe cikin agogon. Akwai mai gidan, Alhaji Sa'idu, wanda har bayan ya bar aikin ma'aikatar ba a daina ce masa Darakta ba. Akwai matarsa Hajiya Bilki, wadda na shekara ashirin da ɗoriya ina kai wa kaya. Akwai babbar 'yarsu Hadiza, lauya ce, a makarantar lauyoyi ta Bwari ta ƙarasa karatunta. Akwai Malam Isiya mai gyaran agogo, ni na ɗauko shi daga rumfarsa, ya ƙi hawa kujera ya zauna a kan kafet. Sai ni, Kulu, dillaliyar gwal da agogo daga Karu. Ranar Talata ce bayan la'asar, a Maitama. An kawo ruwa da lemo a tire, har muka tashi ba wanda ya taɓa.

Ban yi makaranta ba. Jikata Nafisa ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata duk inda ta gyara mini magana zan gane in ta karanta mini. Don ita da ƙawayenta nake faɗa. Kwanaki suka zo mini su uku da waya a hannu, suna nuna mini hoton agogo. Wai sun samu wani a ƙasar waje yana ba da na manya a rabin kuɗi, za su haɗa jari su yi oda. Ɗaya ta ce, "Hajiya, ai yanzu ba sai an sha wahalar jirgi irin taku ba. Dannawa kawai za ki yi, kaya su zo har ƙofa." Na ce, da kwalinsa da katinsa zai zo, ko tsirara? Suka dubi juna. Nafisa ta ce, "Kaka, kwali za mu ɗaura a hannu?" Suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don maganar da na taɓa faɗa ce da bakina, a wani bene a Dubai.

Aikin farko da na gani da idona na 'yan kunne ne. Lokacin muna sababbin zuwa Karu, mijina yana lebura a gine-ginen cikin gari, ni ina tallar zannuwa gida-gida. Inna Yalwa, wata Bakatsiniya dillaliyar gwal a unguwarmu, ta ɗauke ni riƙon jaka. Shekara uku ina bin ta, ban taɓa sikelinta ba. Ran nan wata mata ta kawo 'yan kunne cikin ɗan akwati mai laushi kamar gashin mage, ta ce tsarabar Makka ce. Ni akwatin nake kallo. Inna ta zazzage 'yan kunnen a tafinta, ta cilla wa yaran tsakar gida akwatin. Ta goga ɗaya a baƙin dutse, ta ɗiga ruwan gwaji, zanen ya ɓace nan take. Tagulla ce aka yi wa wanka. Da matar ta fita ta ce da ni, "Kin ga inda idonki ya tafi? Can ake so ya tafi. Ki zubar da kwali, ki auna abin da ke ciki." Na riƙe wannan magana shekara talatin, ta ciyar da ni, ta aurar da 'ya'yana. Ita ce kuma ta kayar da ni.

Kayan aikina duk a jaka ɗaya suke: ƙaramin sikeli, baƙin dutse, kwalbar ruwan gwaji, mayen ƙarfe, madubin ido ɗaya, da jan ƙyalle da nake ƙunsa kaya. Sauran aikin a baki yake, wato rufe shi. Matar da ta sayar da awarwaronta mijinta bai sani ba, ba ki gan ta ba. Abin da kika gani a gidan farko ba ya bin ki gida na biyu. Ki gaida mai gadi da sunansa, don shi ne ƙofa. Ki zauna a ƙasa ko an nuna miki kujera. Kada ki faɗi kuɗi sai kin sha ruwa. In kika faɗa kuwa, ya zauna, ba ragi ba ƙari. A Maitama da wannan aka san ni: abin da Kulu ta ce zai isa, zai isa.

Zobe ne ya fara kai ni wurin Hajiya Bilki, tun suna wani ɗan fulat a Garki, mijinta ƙaramin ma'aikaci. Zoben ya matse ta saboda ciki, na kai aka buɗa shi na dawo da shi ban karɓi ko sisi ba. Cikin Hadiza ne. Yadda mijin ya yi ta hawa, haka ta yi ta ja na. Da waya ɗaya take buɗe mini gida: "Ga Kulu nan zuwa, ki saki jiki." Rabin gidajen da na shiga a Maitama da Asokoro da bakinta na shiga. Muna da wata al'ada ni da ita. In na kawo kaya a jan ƙyallen, sai in bar mata su kwana ta duba a tsanake. Kuma ba ta taɓa maido mini ƙyallen wayam ba. Ko ta saya ko ba ta saya ba, sai na tarar da turare a ciki, ko sabulu, ko dabino.

Agogo ta hanyar lefe ya shigo mini. Mata suka fara cewa in haɗo musu da agogon amarya in zan dawo daga Dubai. Na farko da na sayo na kai wa Malam Isiya, don ban san komai a kai ba. Rumfarsa tana bakin titin da nake hawa mota, tebur ne da gilashi da laima. Ya kara mini shi a kunne ya ce in saurara. Ya nuna mini mai batir, tsinkensa tsalle yake yi, da na manya wanda ba ya cin batir, motsin hannun mai shi ne abincinsa, tsinkensa sulalewa yake yi. Muka yi ƙa'ida: duk agogon da na sayo sai ya yini a teburinsa ya buɗe bayansa kafin in kai wa mai shi. Kullum sai ya tambaya, "Ina katinsa?" In ce yana kwandon sharar otal. Ya girgiza kai ya ce, "Hajiya Kulu, agogo ba awarwaro ba ne." In ce ni dai na auna. Mu matan gwal haka muke yi. Daren tahowa ɗakin otal cike yake da kwalaye kamar an yi suna, don kowane kwali kilo ne, kilo kuma kuɗi ne. Takarda kuwa, a wajena, abu ne da wasu ke karantawa. A ƙananan agogunan lefe wannan bai taɓa cutar da ni ba. Ba amaryar da ta taɓa neman kati.

Ku da kuke ganin hoto a waya, kuɗin da ke jikin hoton ba shi ne kuɗin agogo ba. Akwai jirgi, akwai biza, akwai otal, ko da ku huɗu ne a ɗaki kuna jiƙa garin kwaki. Akwai ladan tafinta. Akwai kuɗin fito in kin sauka, wadda ta ɓoye aka gano kuwa tana iya rasa kayan gaba ɗaya. Akwai hanyar filin jirgi zuwa Karu da dukiyar mutane ɗaure a damtsenki ƙarƙashin hijabi, kina kallon duk babur ɗin da ya daɗe a bayanku. In aiko miki za a yi, akwai wanda zai riƙo, da abin da zai faɗa in bai iso ba. Bayan duk wannan akwai ciwon agogon. Wata amarya a Asokoro ta yi wata biyu tana alwala da nata, don mai shagon ya ce ruwa ba ya shiga. Ya shiga. Malam Isiya ya ce abin da ya yi tsatsa babu shi a ƙasar nan. Na ba wata abokiyar tafiya agogon ta kai Dubai, ya shafe wata bakwai a can, kuɗin gyaran ya cinye ribar agogo huɗu, kuma daga aljihuna ya fita, don da bakina na maimaita mata cewa ruwa ba ya shiga. Wancan akwai shagon da za a koma. Ku riƙe wannan.

Shekarar da dala ta haukace Hajiya Bilki ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Darakta zai ajiye aiki, za a yi masa walima. Ta ce akwai agogon da ya taɓa tsayawa yana kallo ta gilashin wani shago a ƙasar waje, ya daɗe, sannan ya ce kuɗin makarantar yara, ya wuce. Hadiza ta nemo hotonsa. Na zinariya ne gaba ɗaya, har sarƙarsa. Ban taɓa sayo mai tsadarsa ba, ko rabinsa. Ta ce, "Mutumin nan shekara talatin da biyar bai sayi abin kansa ba. Ina so ranar walimar in ɗaura masa da hannuna." Ta juye mini gwal ɗinta a kan gado. A ciki akwai sarƙar mahaifiyarta marigayiya, tsohuwar ƙira, mai nauyi, wadda ba ta taɓa bari ko na ɗora a sikeli ba. Na ware ta gefe na auna sauran. Bai kai ba. Ta tura mini ita da yatsa ɗaya, ba ta kalle ta ba. Na ce, "Hajiya, wannan ta Mama ce." Ta ce, "Da ita zai isa?" Na auna. Na ce zai isa.

A makon na kai wa maƙerin gwal, ya biya ni da naira, ya zuba a tukunya ina tsaye. Kuskuren farko ke nan, da gaggawa na yi shi. Na biyu, ban canza kuɗin nan take ba. Bizata ta maƙale, masu canji suka ce in dakata, dala za ta sauko. Mako bakwai ina jira, kowace safiya ina aika a tambayo, kowace safiya ta ƙara hawa. Ranar da biza ta fito na canza, na riƙe dalolin a hannuna na san an yanke musu kafaɗa. Waya tana jakata. Kira ɗaya ne: Hajiya, kuɗin ba za su kai ba. Ban yi ba. Na ce bari in je in gani, kasuwa ce.

Sabi'u ne ke mini tafinta a Dubai, wani ɗan Kano da ya daɗe a can yana raka 'yan kasuwa. Ya kai ni babban shago mai gilashi da mai gadi a ƙofa. Suka fito da agogon a kan tire, da kwalinsa na katako, da ɗan kati mai lamba. Sabi'u ya ce katin shi ne shaidar cewa daga kamfanin ya fito, duk inda aka je duniya da shi za su karɓe shi. Suka faɗi kuɗi. Abin da ke jakata ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na yi ciniki, mutumin ya yi murmushi ya mai da tiren. Muka fito rana tana dukan mu. Kwana uku ya rage mini, walima kuma saura kwana biyar.

Sabi'u ya ce, "Hajiya, akwai wani a bene. Na hannu yake sayarwa, amma masu kyau."

Ɗaki ne ƙarami a hawa na uku, bayan kasuwar gwal, ba gilashi ba suna a ƙofa. Mutumin ya ba mu shayi, ya buɗe durowa ya fito da agogon naɗe da takardar goge hannu. Shi ne sak na hoton. Ya ce mai shi ne ya matsu, kwali da kati sun ɓace a ƙaura. Na fito da kayana. Na ɗora a sikeli, nauyi ya yi. Na goga cikin maɗaurin a dutse na ɗiga ruwa, zanen ya tsaya daram, zinariya ce ta gaske. Na kara mayen ƙarfe, bai kama ba. Na kara a kunne, yana bugawa a hankali, tsinken yana sulalewa. Na ce a buɗe bayansa. Ya ce makullin ba ya nan. Ya faɗi kuɗi, na rage, ya yarda tun kafin in rufe baki. Na lura da wannan. Wanda ke riƙe da kaya na gaske ba ya saurin yarda haka, na fi kowa sani. Na lura kuma ya ƙi kallon sikelin, kamar ya san abin da zai nuna ba shi ne abin tsoro ba. Duk na gani, na wuce.

Sabi'u ya ce, "Ya ce in gaya miki: ba kwali, ba kati, ba dawowa."

Na ce, "Kwali zan ɗaura a hannu?"

Suka yi dariya, har da mutumin da ba ya jin Hausa.

Alhamis na sauka, walima Asabar. Juma'a da safe motar da na hau ta tsaya daidai rumfar Malam Isiya ana sauke fasinja. Agogon yana damtsena. Ya gan ni ta taga ya ɗaga hannu, na ɗaga masa, motar ta tashi. Na gaya wa kaina ba lokaci. Akwai lokaci. Tambayarsa ce ba na son ji.

Hajiya Bilki ta warware jan ƙyallen ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ba kwali?" Na ce, "Hajiya, yaushe na taɓa kawo miki kwali?" Ta yi dariya ta ce gaskiya ne. Kowace kalma a maganata gaskiya ce, amma na san abin da na bar ta ta fahimta. Hadiza ta sayo wani akwati a kanti aka sa shi. Ban je walimar ba, ba wurin dillaliya ba ne. An ce da hannunta ta ɗaura masa, kamar yadda ta so. Ƙyallena ya dawo da turmin atamfa da turare.

Wata takwas ba abin da ya faru. Sai Darakta ya tafi Landan ganin likitan ido. Ya rame, agogon yana masa yawa, ya shiga shagon kamfanin da wani abokinsa don a rage masa gaɓa ɗaya. Suka shiga da shi ciki, suka daɗe, suka dawo da shi a tire. Cikin ladabi suka ce jikin nasu ne, amma injin da ke ciki ba nasu ba ne, ba za su taɓa shi ba. Suka tambaye shi kati. A gaban abokinsa. Ya dawo ya jefa shi a durowa bai gaya wa kowa ba, sai da matarsa ta ga mako biyu hannunsa ba komai ta matsa masa. Ita ta kira ni. Ba ta gaishe ni ba, ta ce in zo da wanda ya san agogo.

To, mun dawo falon. Malam Isiya ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kafet, ya sa makulli ya murɗe murfin baya, ya maƙala madubi a ido. Ya daɗe a sunkuye. Ni hannunsa nake kallo. Da na ga ya ajiye ɗan hantsakinsa a hankali, na san amsa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, gidan na gaske ne. Mai gidan ne aka fitar, aka sa ɗan haya."

Darakta ya ce, "Yi mini bayani sosai, Malam."

"Zinariyar ba algus. Amma rabin kuɗin agogon nan na injin ne, an cire shi an sayar daban. Wanda aka sa, da kuɗin buhun shinkafa biyu zan samo maka irinsa."

"Amma yana tafiya daidai. Bai taɓa ɓata mini minti ba."

"Zai yi ta tafiya, ranka ya daɗe. Ai ba lokaci aka saya da kuɗin nan ba."

Hadiza ta gyara zama. Tun tana rarrafe Goggo take ce mini. Ranar ta ce, "Hajiya Kulu, tambaya ɗaya zan yi miki. Kwalin da katin, an ba ki kika zubar, ko tun farko ba a ba ki ba?"

Ku fahimci inda nake tsaye. Duk gidan sun san ina zubar da kwali. Malam Isiya shaida ne, shekara nawa yana mini faɗa a kai. In na ce na zubar, ni jahila ce da aka cuta a babban shago, a yi mini faɗa a tausaya mini, ƙofa ta zauna a buɗe. Ba mai zuwa Dubai ya bincika.

Na ce, "Ba a ba ni ba."

Na faɗa musu duka: mako bakwai, dala, babban shagon, benen, makullin da aka ce ba ya nan, da motar da ta tsaya gaban rumfar Malam Isiya.

Darakta ya ce, "Me ya hana ki kira ta?"

Na ce, "Na riga na ce zai isa."

Ya ce, "Da kin kira, da ƙarami ta saya mini, ko ta fasa. Da na fi son ta fasa."

Hadiza ta fara maganar 'yan sanda da sunan tafinta. Ya ɗaga mata hannu ya ce ba inda za a kai tsohuwa. Duk wannan Hajiya Bilki tana kallon tiren lemo. Sai da na miƙe ta yi magana, a hankali.

"Sarƙar Mama fa, Kulu?"

Na ce, "An narka ta tun kafin in tafi."

Ta gyaɗa kai, ta tashi ta hau sama. Muka bar agogon a kan farin ƙyallen, Malam Isiya ya mai da murfinsa, ya murɗa shi ya saita lokaci. Muka kama hanya ni da shi har muka wuce gadar Nyanya. Can ya ce, "Na ɗaga miki hannu ranar." Na ce na gani. Kafin magariba na kira Sabi'u. Ya ce ɗakin benen yanzu wayoyi ake sayarwa, mutumin ba wanda ya san inda ya yi. Ya ƙara da cewa, "Ai na fassara miki, Hajiya. Ke kika ba da amsa." Gaskiya ya faɗa.

Hajiya Bilki ba ta ɓata ni wurin kowa ba, na tabbata. Daina cewa "ga Kulu nan zuwa" kawai ta yi. Mata suna lura. Wata ta tambaye ta labarina ta ce mun kwana biyu. Ya isa. Gidajen suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba zagi, waya dai ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Ban sake hawa jirgi ba. Yanzu azurfa nake sayarwa da 'yan kunnen jarirai a nan Karu.

Saboda haka, ku 'yan oda: ni na je da ƙafata, na riƙe shi a hannuna, na auna, na goga, na saurara, da ido na shekara talatin, aka sayar mini da jiki ba ciki. Ku hoto za ku auna? In an ce rabin kuɗi, ku tambayi wane rabin aka cire. In ya iso ba daidai ba, wace ƙofa za ku buga, da wace takarda? Kuma kuɗin wa za ku tura? In na wani ne, ku fara zuwa ku dubi abin da ya sayar ya ba ku.

Nafisa ta ajiye biro ta ce, "Kaka, to ya kika yi da su?" Na ce ɗauki ki rubuta.

Washegarin ranar da aka buɗe agogon, bayan sallar asuba, na shimfiɗa tabarma na kafa sikeli. Nauyin gwal ɗin da Hajiya Bilki ta juye mini a kan gado yana kaina, ban taɓa buƙatar takarda a kan wannan ba. Na fito da gwal ɗin jarina duka, na yi ta ɗorawa kashi-kashi. Bai kai ba. Na zare awarwaron hannuna huɗu na ƙara. Saura kaɗan. Na cire 'yan kunnen da ke kunnena, waɗanda Inna Yalwa ta ba ni ranar da ta fara bari na taɓa sikelinta. Ya cika. Na ƙunsa a jan ƙyalle na ɗaure a damtse, na hau motar cikin gari.

Danladi ne mai gadinsu, wani Bagwari da ya shekara goma a ƙofar. Da, tun daga nesa yake ihu, "Mama gwal ya zo!" ya ja ƙofa. Ranar ƙaramar taga ya buɗe.

Ya ce, "Mama, Hajiya ya ce kowa ya zo a kira shi a waya tukuna."

Na ce ba sai ka kira ba. Na miƙa masa ƙunshin ta tagar, na ce ya sa a hannunta, ba hannun 'yar aiki ba, ya ce mata nauyin ya cika, ƙirar ce ba ni da ita. Na koma ƙarƙashin bishiyar da direbobi ke zama na tsaya. Ɗaya ya ba ni benci, na ce na gode.

Ya daɗe. Da ya fito, ƙyallen yana hannunsa a ƙulle, da abu a ciki. Ya miƙo mini bai kalle ni ba. Na kwance. Agogon ne. Sarƙarsa daga baya na sayar da ita gaɓa-gaɓa na ci abinci, kan ne ya rage, shi ne a gwangwanin da Nafisa ke gani a ƙarƙashin gadona. Amma a safiyar cikakke yake, yana walƙiya a rana. Na kara shi a kunne, yana bugawa.

Na ce, "Danladi, ƙarfe nawa a wayarka?"

Ya duba ya ce, "Tara da minti goma, Mama."

Na dubi tsinken. Tara da minti goma. Na ƙulle shi a ƙyallen, na gaida direbobin, na taka zuwa bakin titi neman motar Karu.